Harafin H

A Aboabo, bayan la'asar,
Mutawakilu ya shigo da igiyar fitilu a naɗe
kamar tazbaha mai tsawon kamu huɗu.
Ya juya talabijin ɗin Inna,
ya share ƙurar shekara shida da gefen rigarsa,
ya bi baya yana liƙa ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.
Sidi tamanin, in ji shi, don ke 'yar gida ce.

Ni ina kan tabarma da nawa aikin.
Kundin sani muke tarawa da Hausa,
rabona a makon nan harafin H.
Na gama hadari, na gama hanta,
na iso haske, da 'ya'yansa, da jikokinsa,
har wannan da ake ɓoyewa a bayan allo.

Na rubuta: wata fasaha ce mai ban al'ajabi.
Sai jan alƙalamin Malam Sallau ya faɗo mini a rai.
Al'ajabin wa? Wa ya auna shi, da wane mudu?
Kundi ba maroƙi ba ne, 'yata,
ba ya kirari, ba ya zambo.
Na soke.

Mutawakilu, kansa a bayan akwati:
Rubuta yana maganin ciwon ido!
Rubuta duk Kumasi babu irin nawa,
na Adum jabu ne, kwana uku su mutu!
Na ce kawo shaida.
Ya ce ga ni tsaye.
To, yaushe dillali ya taɓa kushe hajarsa?

Na sake daga fari.
Ƙananan fitilu ne da ake jerawa a bayan allo
don su haska bangon da ke kewaye da shi.
Wasu fari kaɗai suke bayarwa,
wasu suna bin launin hoton.
Masu sayarwa sun ce suna rage gajiyar ido.
Wasu masu kallo sun ce suna ɗauke hankali.
Aya.
Ruwan randa ke nan, ba gishiri, ba sukari.

Da aka idar da magariba aka kunna.
Kotoko na wasa, fili shimfiɗe,
sai bangonmu, mai tabon yoyon damina uku,
ya yi kore shar tun daga kan kabad har rufi.
Jar riga ta gifta, ya yi ja.
Ta wuce, ya koma.

Inna Lantana, wadda yana ta rufe wa ido tun bara waccan,
wadda talabijin ya zame mata rediyo,
ta ɗaga kai.
Ba allon take kallo ba.
Ta daɗe.
Ta ce, wa ya kawo mini Ejura cikin ɗaki?
Haka masarar babana take
sati biyu kafin ta yi goyo.

Alƙalami na hannuna.
Ina zan sa wannan?
Mace ɗaya, dare ɗaya, ba madogara.
Kuma Malam Sallau bai yi ƙarya ba:
yaron da zai buɗe kundin a Tamale ko Damagaram
so yake ya san mene ne abin,
bangonsa daban, uwarsa daban.
In na shafa masa korenmu
ina zai ga nasa?

Ban ƙara ko wasali ba.

Saura minti goma a tashi aka ɗauke wuta.
Unguwa ta yi ihu baki ɗaya,
janareton mai kanti ya yi tari sau biyu ya ƙi.
Bango ya koma bango.
Na ce Inna, in kai ki ciki?
Ta ce bar ni tukuna,
bai gama fita daga idona ba.

Na kunna fitilar waya, na juya shafi.
Kalma ta gaba: hatsi.